Yadda Tarmuji Mai Lasifika Ya Zama Provokator

A garinmu na bakin teku, can arewacin tsibirin Jawa, babu wanda bai san muryar Tarmuji ba, ko da bai san fuskarsa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga wuya kamar na ɗan dambe. Yana da wani tsohon babur da ya ɗaura wa lasifika biyu a gaba da batirin mota a gefe, da shi yake zaga unguwanni yana shelar duk abin da aka ba shi: majigin da za a nuna a filin ƙwallo, maganin ciwon baya, ɗaurin aure, akuyar da ta ɓata. Manya da yara Pak Muji suke ce masa, wato Baba Muji. Matarsa Wartini takan ce ita kaɗai ce macen da ke sanin mijinta ya kamo hanyar gida tun yana bayan gari.

Ba sana'ar da ya so ba ce. Yana yaro burinsa ya zama malamin makaranta. Amma a shekarar da aka yi ta kwashe mutane da sunan 'yan kwaminis, wani maƙwabci ya nuna ubansa da yatsa. Uban nan, Kartosemito, makaɗin ganga ne a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙauye, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Da rana tsaka aka jefa shi a babbar mota, Tarmuji yana tsaye a bakin gona yana kallo, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tabon ya bi ɗan. Ba makarantar horon malamai, ba aikin gwamnati, ko masinja ba za a ɗauke shi ba. Sai ya bi wani mai tallar magani kasuwa kasuwa, da mutumin ya tsufa ya bar masa lasifikar. Tarmuji ya zama mutum mai barkwanci, mai tsokanar kowa, amma abu ɗaya ne ba ka taɓa ji a bakinsa ba, wato maganar mulki. In hira ta karkata can, sai ya tuna yana da shela a wata unguwa.

Babban amininsa shi ne Koh Liong, kamar a ce Yaya Liong, wani tsohon Basine da kakanninsa ma a garin aka haife su. Shagonsu yana daura da ƙofar kasuwa. A gaba 'yarsa Giok tana sayar da shinkafa da sukari da man girki, shi kuma yana zaune a ƙuryar baya yana gyaran rediyo. Ya taɓa makarantar Turawan Holan yana ƙarami, yana kuma da son karance karance. Duk sanda na'urar Tarmuji ta fara tari, wurinsa ake kai ta.

Sai ga shekarar da farashi ya haukace. Kuɗin ƙasa ya zube, shinkafar da ka saya da safe ba za ka same ta haka da yamma ba, shugaban da ya daɗe a kan mulki ya sauka, kowa ya rasa inda aka dosa. Daga manyan birane labarai suka yi ta zuwa na ƙone ƙone da fashe fashe, yawanci a kan shagunan Sinawa. A lokacin ne wata kalma ta cika rediyo da bakin mutane.

"Koh, don Allah," in ji Tarmuji wata rana yana tsugune yana busa taba mai kanumfari, "wannan provokator da suke ta faɗa, mutum ne ko aljani? An ƙone kasuwa a can, provokator. An fasa shaguna a nan, provokator. Har yau ban ga an kamo ɗaya an nuna mana ba."

Koh Liong bai ɗago daga wayoyin da yake haɗawa ba. "Kalmar ba tamu ba ce. Turawan Holan suka bar mana ita, su ma aro suka yi wurin Faransawa. Tushenta kuwa can baya ne, a harshen Rumawan dā. Ma'anarta ka kira mutum ya fito fili, irin kiran da ake yi wa abokin faɗa. A Faransa, in ma'aikata suka taru suna neman haƙƙinsu cikin lumana, sai hukuma ta cusa nata mutum a cikinsu. Ya sa irin kayansu, ya fi kowa ɗaukar zafi, shi zai ce a jefa dutse. Da an jefa, an sami dalilin zuwa da kulki ke nan."

"Ashe ingiza mai kantu ruwa ne ya yi karatun boko."

"Da bambanci. Mai zugan unguwa don jin daɗinsa yake yi. Wannan kuwa aiki aka ba shi, kuma ba ya tsayawa ganin ƙarshen wasa."

Suna cikin haka hayaniya ta tashi a gaban shago. Yu Kasminah ce, wato Yaya Kasminah, mai soyayyen tempe, wainar waken suya, wadda take zama a bakin ƙofar kasuwa tun kafin a haifi rabin masu sayen kayanta. Yu Kas mace ce da ko kare ya san bakinta. Ta zo sayen mai, ta ji sabon farashi, ta fara zagi tun daga Giok har kakan kakanta. Giok ma ta ƙufula, ta fizge kwalbar daga hannunta. Tsohuwa ta yi baya, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a ƙasa tana kururuwa wai an kashe ta. Mutane suka yi dariya, aka ɗaga ta, ta kwashe kaskonta ta tafi tana ɗingishi.

Kashegari wurinta ya wuni babu kowa. Wanshekare ma haka.

A safiyar da ta biyo baya, Tarmuji yana rumfar mai kofi sai wani mutum ya zauna kusa da shi. Askinsa ƙwal, ya sa baƙar jaket duk da zafin da ake yi, kuma harshensa ba na yankinmu ba ne.

"Pak Muji ne, ko? Aiki na kawo maka. Shela ce gajeriya. Ka zaga gari ka sanar cewa Yu Kasminah ta rasu saboda dukan da aka yi mata a shagon Liong. Jama'a su taru a ƙofar kasuwa bayan azahar."

Tarmuji ya ajiye kofinsa. "Inna lillahi. Yaushe? Wa ya yi mata wanka? A ina aka sa ta?"

"Kai mai shela ne ko alƙali?"

"A'a, ɗan'uwa, ba haka ba ne. Batirina ne ya mutu tun jiya."

Mutumin ya yi murmushi, ya ɗauki tabar Tarmuji daga kan tebur ya kunna kamar tasa. "Ɗan Kartosemito ne kai, ko ba haka ba? Mai ganga. Irinku ya kamata su riƙa taimakon jama'a, kada wani ya zauna ya tuna da su." Ya dafa masa kafaɗa, ya miƙe ya shige kasuwa.

Sunan uban nan, Tarmuji ya yi shekaru bai ji shi a bakin kowa ba. Da ƙyar ya tura babur zuwa gida, don ya riga ya ce batir ya mutu, bai isa ya kunna komai ba. Kafin ya isa, labarin ya riga shi. Ashe mutumin bai dogara da lasifika ba. Masu keken haya suna faɗa, mata a bakin rijiya suna faɗa, wani ma ya rantse ya ga makarar da idonsa.

Wartini ta saurare shi har ya gama, sannan ta ja ƙofa ta sa sakata. "Yau ba inda za ka, Pak. Ka ƙi, ka kyauta. To zauna."

"Akwai yara a benen Koh Liong. Jikokinsa."

"Mu ma akwai yara a nan! Ka manta ko kai ɗan wa ne? In gari ya kama wuta, wa kake tsammani za a fara nema? Mai jaket, ko mai lasifika?"

Ya zauna a bakin gado. Gaskiya ta faɗa, ya sani. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa, yana jin takun mutane a lungu, duk gefe ɗaya suke nufa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar da aka tafi da ubansa unguwa cike take da maza, kowa ya san mai ganga bai yi komai ba, kuma kowa ya shige ɗaki ya sa sakata.

"Bu," ya ce wa matar tasa, "ba kasuwa za ni ba. Ƙauyen 'yar Yu Kas za ni, can take zuwa in ba ta da lafiya. In ta mutu, in ga kabarinta in dawo in yi shiru. In tana da rai fa?"

Wartini ta juya masa baya tana kuka ƙasa ƙasa, amma da ya zare sakatar ba ta riƙe shi ba.

Hanyar ƙauyen ta ratsa gonakin rake. A bakin wata gada ya tarar da samari sun gitta itace, riƙe da gorori masu tsini, don a kwanakin nan kowane ƙauye yana tsare hanyarsa saboda baƙi. Ɗaya ya ɗora tsinin gora a kan tankin babur.

"Daga ina? Wa ka sani a nan? Ko kai ne provokator ɗin?"

Sai Tarmuji ya cika ƙirji ya saki muryar talla: "Ciwon baya, ciwon gwiwa, tsohon da ya kasa hawa gado!"

Samarin suka kwashe da dariya. "Kai, Pak Muji ne mai magani! Ɗaga masa itacen."

Ya shiga ƙauyen yana baza ido ko zai ga tutar makoki a ƙofar wani gida, ko kujerun zaman ta'aziyya. Bai gani ba. Ya zagaya bayan gidan 'yar, sai ga Yu Kas zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa an shafe mata ƙugu da magani, tana ɓarar gyaɗa tana zagin agwagi.

"Alhamdu lillahi! Yu, tashi mu tafi. A gari an ce kin mutu. Za a ƙone shagon Koh Liong saboda ke."

Ta jefa gyaɗa a baki. "To su ƙone mana. Yarinyar nan ta kayar da ni a gaban mutane. Ƙuguna har yanzu bai dawo daidai ba."

"Akwai yara a ciki, Yu."

"Ni na haife su? Ina ce 'yan sanda na nan."

Ya roƙe ta da Allah da Annabi, ya tuna mata ranar da Giok ta kai mata magani tana zazzaɓi. Ko gezau. Rana kuwa ta riga ta karkata. Sai Tarmuji ya gyara tsayuwa, ya yi fuskar tausayi.

"Shi ke nan, Yu, ki huta. Ai dama wurinki ba zai lalace ba. Sarinten ta riga ta kafa kaskonta a ciki tun da safe. Tana ta gaya wa mutane wai tempenki dama da tsohon mai kike soya shi, Allah ya jiƙanki."

Ƙarya ce tsagwaronta. Sarinten, abokiyar gabar Yu Kas a sana'a, ba ta san ma ana yi ba. Amma kafin ya rufe baki tsohuwa ta miƙe, ta ɗaure zani, ta manta da ƙugu.

"Tayar da babur ɗin nan!"

Tun daga nesa suka hango hayaƙi. An cinna wa tayoyi wuta a tsakiyar titi. Shagon mai kayan keke da ke maƙwabtaka an riga an ɓalle shi, mutane na fita da tayoyi a wuya. Ƙofar ƙarfen shagon Koh Liong a rufe take, wasu suna dukanta da guntun ƙarfe, duwatsu na sauka a tagogin bene. Ta wata taga da ta fashe Tarmuji ya hango kan Giok ya leƙo ya koma. A gefen taron, jikin wata bishiya, mai baƙar jaket yana tsaye. Bai ɗauki dutse ba, bai ɗaga murya ba. Yana dai raɗa wa wasu samari magana, kusa da ƙafarsa kuma ga jarkar fetur.

Tarmuji ya haɗa wayar batir. Lasifika ta yi wata ƙara mai tsinka kunne, kawuna suka juyo. Ya kutsa da babur cikin mutane a hankali, ya miƙa makirfon baya.

"Wane ɗan banzan ne ya ce na mutu?"

Muryar Yu Kas ta cika kasuwa har bakin teku. Wuri ya yi tsit. Wata mata ta yar da buhun da ta ɗauko ta ruga tana salati, a zatonta fatalwa ce.

"Kai Dulkamid, ina ganinka! Ajiye ƙarfen nan, ko in gaya wa jama'a inda kake kwana in ka ce wa matarka ka tafi kamun kifi. Kai kuma Slamet, ɗan Ngatinem, uwarka ta san kana nan? Ina raye ba wanda ya taɓa tambayar lafiyata, yau na mutu duk kun zama 'ya'yana! Faɗana ne da Giok, ni zan ƙarasa abina. Ina Sarinten take?"

Wani ya fashe da dariya, wani ya kama. Waɗanda ke dukan ƙofa suka ja baya suna kallon juna. Dattawa suka fara jan 'ya'yansu. Tarmuji ya ji numfashinsa ya fara dawowa.

Sai wata murya ta tashi daga wajen bishiyar nan: "Sinawa sun saye shi! Ɗan kwaminis ne, ku tambaya! Ga provokator nan a gabanku!"

Ba kowa ya biye ba, amma samarin da aka riga aka cika wa ciki suna neman inda za su sauke. Dutse ya same shi a gefen kai. Babur ya faɗi da su duka biyun. Ya ji takalma a haƙarƙarinsa, ya ji wani abu ya fashe a kunnensa na hagu, sannan ya ji nauyi ya danne shi. Yu Kas ce ta kwanta a kansa, makirfo har yanzu a hannunta, tana kururuwa a cikinsa: "Ku dake ni! Ku kashe ni da gaske mu gani, matsorata!" Ba wanda ya iya ɗaga ƙafa a kan tsohuwar da ya fito ɗaukar wa fansa. 'Yan dakon kasuwa suka yi musu zobe, Dulkamid ɗin nan ma yana cikinsu, suka janye shi zuwa rumfar mai kofi. Da aka waiwaya wajen bishiya, jarka ce kawai a wurin.

'Yan sanda sun iso bayan wuta ta mutu. Suka tambaya wa ya yi magana da taro, aka nuna mai lasifika. Da jininsa da komai aka sa shi a mota. Wartini ta iso a guje daidai lokacin da motar ke tashi, ta bi ta har ta faɗi.

An riƙe shi har aka gama girbin shinkafa. Tambaya ɗaya suke ta maimaita masa, wa ya aiko shi. Ya ba su labarin mai baƙar jaket har ya gaji, ba wanda ya rubuta. Jaridar lardi ta buga cewa an kama wani provokator a garinmu, ba ta dai sa suna ba, amma kowa ya gane. Yu Kas kuwa kullum sai ta rufe kasko ta je ta zauna a ƙofar ofishin tana zagi, tana ce musu ita ce gawar, su fito su yi mata tambaya. Ko don ita, ko don limamin kasuwa da ya yi ta zarya, wata safiya aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi. Ba a kai shi kotu ba, ba a ba shi haƙuri ba, ba a kuma mayar masa da babur da lasifika ba.

Ya dawo ya tarar shagon Koh Liong a rufe. Giok ta kwashe yaran da tsohon sun koma birnin Semarang wurin dangi, ta ce ba za ta iya sake auna wa mutanen da suka jefi 'ya'yanta shinkafa ba. Tarmuji ya daɗe tsaye a gaban ƙofar ƙarfen da ta lotsa. Bai sake ganin amininsa ba, bayan 'yan shekaru aka aiko cewa ya rasu.

Kunnen hagu bai sake ji ba. Da ya ɗan murmure ya gwada shela da lasifikar aro, amma ya kasa gane ƙarfin muryarsa, kuma da ya ga mutane sun fara taruwa sai gumi ya keto masa. Ya haƙura. Samarin gari suka laƙaba masa Pak Provo, da farko a ɓoye, daga baya a gabansa, har ya zama in ba ka kira shi haka ba wasu ba su san wa kake nufi ba. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, Wartini ce dai take bin mai faɗa da tsintsiya. Yu Kas ta gano ƙaryar da ya yi mata a kan Sarinten bayan ta riga ta kifar wa baiwar Allah da kasko, ta kuma yi wata guda ba ta gaishe shi ba.

Daga ƙarshe suka sayar da gidan gari suka koma ƙauyen su Wartini, ya kama kiwon agwagi a bayan fadamar shinkafa. Ƙwan da yake samu ya ishe su, da shi ya kai ƙaramar 'yarsa har ta gama karatun jinya. Yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, haƙoransa saura kaɗan. In ka je gaishe shi, ka zauna ta damansa. Zai sa a kawo maka shayi da dafaffen ƙwai mai gishiri, ya tambaye ka labarin kasuwa rumfa rumfa, wa ya mutu, wa ya aurar, wa ya gaji wurin wa.